Wa Ke Naɗa Alƙali? Asalin Kotunan Jos

Daular Sakkwato ba ta da wani ofishi mai suna ma'aikatar shari'a, amma aikin yana tafiya. Sarki ke naɗa alƙali, alƙali ya yi hukunci da fiƙihun Malikiyya, wanda bai gamsu ba ya kai kuka fada. Yawancin al'ummomin tsaunukan Filato kuwa ba su shiga wannan tsari ba. Dattawa da sarakunansu ke raba musu gardama bisa al'ada.

Da Turawa suka ci ƙasa, Gwamna Lugga ya bar alƙalai a kujerunsu da dokokin 1900 da 1906, sai dai ya sa musu linzami. Aka hana yanke hannu, kisa sai Gwamna ya amince, Razdan da Di'o kuma suna da ikon duba littafin shari'a su sauya hukunci. Kotuna suka zama hawa-hawa, daga A zuwa D.

A Jos abin ya fi sarƙiya, domin haƙar kuza ce ta tara mutane daga ko'ina. Bahaushe ɗan kasuwa ya je gaban alƙali, Birom ya je kotun sarakunansa, mazaunin unguwar Turawa ya tsaya gaban majistare da dokar Ingila. Gari ɗaya, doka uku. To idan rikicin ya haɗa mutum biyu masu doka daban-daban fa? Nan gizo ke saƙa, kuma wannan tambaya ta dami Arewa baki ɗaya gab da 'yancin kai.

A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyaci masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu kundin dokokin laifuffuka na Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a mai kula da aure, gado da wasiyya.

A ganina babban juyin ya zo ne a 1968, lokacin da aka rushe kotunan sarakuna, aka raba alƙalai da En'e, wato hukumar gargajiya, aka mayar da su ƙarƙashin Babban Joji. Ba ƙaramin sauƙi ba ne ga talaka a ce mai karɓar harajinsa ba shi ke biyan alƙalinsa ba.

Yau Ma'aikatar Shari'a ta Filato tana tsara dokoki, tana gurfanar da masu laifi, amma naɗin alƙalan ƙananan kotuna na hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a. Wajen ɗaukaka ƙara kuma, Jos tana da kotun Shari'a, tana da ta al'ada.