Gizo Ba Shi Da Takobi: Yadda Ƙaramin Tauraro Ke Cinye Labari

A garuruwan da ke kewaye da tafkin Madarumfa, kudu da Maraɗi, da wuya a sami yaron da bai san Gizo da matarsa Ƙoƙi ba. Amma a tambayi yaron nan sunan sarkin da Gizo ya damfara, ko na jarumin da ya zo da dawaki neman auren 'yar sarki, sai ya yi shiru, domin gatana ba ta ma damu ta raɗa musu suna ba. Masu ƙarfi sun zo sun wuce, ɗan tsurut mai tsamin baki ne ya zauna a zukatan mutane. A ganina hakan yana da dalili. A duk labarin da jama'a ke ginawa tare, tauraron da ke zama gagara-badau shi ne wanda aka bar wa masu sauraro gurbi a kansa su cike da tunaninsu, kuma ya ci nasara ta hanyar da mai rauni ma zai iya bi. Wani wasa da aka ƙirƙiro a Amurka ya tabbatar da wannan ƙarara.

A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons, bugun farko kwafi 1,000. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama a kewaye da tebur. Ɗaya shi ne jagora, shi ke bayyana gari da daji da mutanen da ke cikinsu, sauran kuwa kowa ya riƙe tauraro guda, yana faɗin abin da nasa zai aikata. Idan abin yana da haɗari sai a jefa ɗan lido, wanda ya fi shahara mai fuska 20 ne, a ga ko an dace. Kowane tauraro yana da takardar da aka rubuta ƙarfinsa da basirarsa da makamansa da lambobi. Wasan bai zama ruwan dare a fadojin samarin Maraɗi ba, inda karta da lido suka fi tashe a gefen butar shayi, amma tsarinsa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Mai gatana ba ta farawa sai yara sun amsa mata, waƙar da ke tsakiyar labarin tare ake rerawa, kuma a tashen watan azumi yara da kansu ke zama tsoho da gemu ko Jatau mai magani. Bambancin kawai shi ne a wasan tebur an miƙa wa masu sauraro linzamin labarin.

A cikin dubban taurarin da wannan wasa ya haifar, kaɗan ne suka kai Vecna suna. Yadda ya fara abin lura ne. A wani ƙaramin littafin ƙari da aka buga a 1976, ba a kawo shi da jikinsa ba sam. An dai ambaci hannunsa da idonsa, abin da ya rage na wani tsohon matsafi, aka ce suna da ƙarfin sihiri, amma mai son amfani da su sai ya rasa nasa hannun ko nasa idon kafin ya dasa su. 'Yan layuka ne kawai. Wane ne shi, me ya yi, wa ya raba shi da gaɓoɓinsa, duk an bar su a buɗe, sai kowane tebur ya shiga ƙirƙirar amsarsa, jagora ya faɗa wa jagora, sunan ya yi ta yawo. Sai a 1990 kamfanin da ke buga wasan ya fitar da cikakken labarin da aka gina a kansa, kuma a 2022 shirin Stranger Things na Netflix ya ari sunan ya ba babban mugun labarinsa. Haka kuma a 1994 aka kawo wata mai mulkin birni da ake kira Lady of Pain, wadda ba ta magana da kowa, kuma da gangan aka ƙi rubuta mata lambobin ƙarfi. 'Yan wasa sun saba cewa duk abin da ke da lamba ana iya lissafa yadda za a kashe shi. Da aka hana su lambar, sai tsoronta ya zauna.

Wannan dabara ce gatana ta daɗe da sani. Ba wanda ya taɓa faɗa mana tsawon Gizo ko kamanninsa. Wani lokaci ƙwaro ne mai hawa rufin ɗaki, wani lokaci magidanci ne mai gona da bashi a wuya. Abin da aka ba mu alama ce guda biyu, tsamin bakinsa da kwaɗayinsa, kuma kowace kaka tana iya kwaikwayonsu, kowane yaro yana iya ɗauka ya kai gidansu. Dubi labarinsa da giwa da dorina. Ya karɓi hatsi a wurin kowacce da alkawarin doki, da lokacin biya ya yi sai ya miƙa wa kowacce bakin igiya guda, ya ce dokin na can ɗaya ƙarshen, suka yini suna jan juna shi kuwa ya sulale. Yaron da ya ji wannan ba zai iya zama giwa ba, amma yana iya tunanin igiya. Nasarar da aka samu da hankali tana barin mai sauraro da abin da zai juya a ransa, ya sake ba da shi, ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa lokacin da Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyinsa tsakanin 1911 zuwa 1913, da lokacin da Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, Gizo na nan a cikinsu daram. Abubakar Imam ma ya gane wannan sirri: a Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, akwai sarki da yarima da mayaƙa, amma wanda makaranta suka riƙe shi ne aku, tsuntsun da ya tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare har ya kuɓutar da shi daga makirci, ya kuma zama waziri.

Mai musu zai ce ai ƙarfi ma yana barin suna, kuma gaskiyarsa. Mutanen Maraɗi ba su manta da sarkinsu Ɗan Baskore ba, ba su kuma manta da Kantu ba, ɗan kokawar da ya ɗauki takobin farko na ƙasa a Tawa a 1975. Sai dai waɗannan sun biya farashin sunansu a fili, a gaban shaidu, da jikinsu. A labarin ƙirƙira kuwa ƙarfi ba shi da tsada, domin kowa na iya ɗaukar alƙalami ya rubuta wa tauraronsa lamba mafi girma, kamar yadda mai gatana ke iya cewa dodo ya kai dutse. Abin da ba a iya rubutawa da lamba shi ne dabarar da ta zo wa ɗan wasa a daidai lokacin da kowa ya fid da rai, ko kalmar da ya haɗiye alhali yana iya faɗa. Irin wannan ne abokan tebur ke tunawa bayan shekaru. Ko a labarin Bayajida, inda jarumta ce kan gaba, bakin mutane bai yar da Ayana ba, tsohuwar da ta sauke baƙo a Daura ta gaya masa ba a samun ruwan rijiyar Kusugu sai ran Juma'a. Magana ɗaya ta yi, amma ba don ita ba da bai nufi rijiyar ba.

Wani kuma zai ce kamfani ne ya tallata Vecna don ya sayar da littattafai. Shekara 14 da ke tsakanin 1976 da 1990 sun isa amsa: 'yan wasa ne suka riga, kamfanin ya biyo sawu. Har ma ina ganin duk sanda aka ƙara bayani a kan asalinsa, kwarjininsa raguwa yake.

Musun da ya fi nauyi na iyaye da malamai ne, masu cewa Gizo maƙaryaci ne, ɓarawo, kuma ɗaukaka shi koya wa yara ha'inci ne. Wannan damuwa ba ta wasa ba ce. Amma gatana ba ta taɓa ɓoye halin Gizo ba, sau da yawa ma kwaɗayin nasa ke kai shi ga duka da kunya, yara na dariya suna gane inda wayo ya wuce gona da iri. Sannan dabara da zamba ba abu ɗaya ba ne. Akun Abubakar Imam da wayo ya yi aiki, amma amana ya tsare. Ayana ba ta cuci kowa ba. Abin da ya haɗa su da Gizo shi ne ba su da makami, kuma an bar mana sararin yin tunani a kansu. Madarumfa kanta ta san darajar abin da ba a cika surutu a kansa ba. Kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin, waɗanda Nijar ta sa su tare da tafkin da dajin yankin a jerin wuraren da take nema wa amincewar UNESCO a 2006, ba wasa ba ne, ba na kuma haɗa su da wasa. Amma a nesa da garin adadin nan aka sani ba tarihin kowane ɗayansu ba, kuma hakan bai rage girmansu a idon masu ziyara ba.

Saboda haka malaman makarantun Madarumfa da samarin fada da ke sha'awar shirya irin wannan wasa da Hausa, ba sai sun aro dodannin Turai ba. Su je wurin tsofaffin da ke da sauran gatana a ka, su rubuta tun suna raye, su ɗauko Gizo da Ƙoƙi da sauran taurarin gatana irin su Botorami su zaunar da su a tebur. Idan kuma sun zo rubuta takardar Gizo, su bar gurbin ƙarfinsa babu komai, yaran da ke wasan su cike.