Kyaftin Liddell Hart: Sojan Da Ya Ajiye Bindiga Ya Ɗauki Alƙalami

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Saboda haka in aka ce ga littafin yaƙi wanda soja ya rubuta, mutane su kan karɓe shi hannu bibbiyu, don a ganinsu wanda ya shaƙi warin albarushi ba zai faɗi abin da bai tabbata ba. Mu da aikinmu shi ne shirya malaman da za su koyar da tarihi, muna ganin ya kamata a yi wa wannan magana awo. Za mu auna ta da labarin wani Baturen Ingila, Kyaftin Basil Liddell Hart, wanda sunansa ya cika duniya wajen rubuta tarihin yaƙe-yaƙe.

An haife shi a birnin Faris cikin 1895, ubansa kuwa limamin Kirista ne da ke yi wa Ingilishi mazauna can hidima. Yana karatu a jami'ar Kembirij yaƙin duniya na farko ya tashi cikin 1914, ya bar karatu ya shiga soja, aka ba shi hafsa a wata rundunar sojan ƙasa ta lardin Yorkshire. Ran 1 ga Yuli, 1916, Ingilishi suka kai wa Jamusawa farmaki a wajen kogin Somme a ƙasar Faransa. Kafin rana ta faɗi mutum wajen 57,000 daga cikinsu sun mutu ko sun yi rauni ko sun ɓace, waɗanda suka mutu kaɗai sun haura 19,000. Bataliyarsu Liddell Hart ta kusa ƙarewa a ranar. Bayan 'yan makonni shi ma ya shaƙi hayaƙi mai guba, aka komo da shi gida. Duk zamansa a bakin daga bai wuce 'yan makonni ba, amma abin da ya gani bai bar zuciyarsa ba har ya mutu.

Da yaƙi ya ƙare aka sa shi cikin masu gyara littafin horon sojan ƙasa. Lafiya ba ta ba shi dama ya yi nisa ba, ya bar soja cikin 1927 yana kyaftin, bai ƙara hawa ba. Tun 1925 ya riga ya kama aikin rubuta al'amuran soja a jaridar Daily Telegraph, ya shekara goma, sa'an nan ya koma jaridar The Times har 1939.

Tambaya guda ce ta dame shi, watau yaya za a ci yaƙi ba tare da an tura samari cikin bakin bindiga mai ruwa kamar yadda aka yi a Somme ba. Ya shiga binciken yaƙe-yaƙen dā. Ya rubuta labarin Scipio, sarkin yaƙin Rum wanda ya bar Hannibal a Italiya ya zagaya ya bugi ƙasarsa a Afirka, da na Janar Sherman wanda ya ratsa ta bayan abokan gabansa a yaƙin basasar Amurka cikin 1864. Abin da ya tsamo shi ne, mayaƙi mai hikima ba ya tunkarar abokin gaba ta inda ya shirya masa. Sai ya bi ta inda ba a zata ba, ya yanke masa hanyar abinci da harsashi, ya rikita shugabanninsa, kāna ya buga. Ya ce tankoki da motoci su ne za su sa wannan dabara ta yiwu a zamaninsa. Cikin 1930 ya fitar da tarihin yaƙin farko, inda ya soki manyan hafsoshin Ingila da suka yi ta maimaita farmaki iri ɗaya, ko da ya ke shi kansa ya yabi shugabansu, Janar Haig, sa'ad da ya ke saurayi.

Cikin 1937 Ministan Yaƙi, Hore-Belisha, ya jawo shi ya zama mai ba shi shawara. Amma fa a shekarun nan ra'ayinsa ya karkata ga cewa mai tsare wurinsa ya fi mai kai hari ƙarfi, kuma bai kamata Ingila ta sake aika babbar runduna Turai ba. Sai ga shi cikin Mayu, 1940, tankokin Jamus sun fasa dagar Faransa, cikin mako shida ƙasar ta faɗi. Darajarsa ta zube, mutane suka daina sauraronsa.

Bayan yaƙin Hitila ya ƙare cikin 1945 aka ba shi izinin ganawa da janar-janar na Jamus da ke tsare a Ingila, irin su Rundstedt da Kleist da Manteuffel. Ya yi ta yi musu tambayoyi yana rubutawa, cikin 1948 ya fitar da littafi a kan yadda yaƙin ya ke a idon waɗanda aka ci. Wannan aiki ne mai amfani ƙwarai, gama tarihin da aka ɗauko daga bakin mai nasara kaɗai rabin tarihi ne. Cikin 1953 kuma ya shirya takardun Janar Romel aka buga. Sunansa ya sake tashi, aka riƙa ce masa kyaftin ɗin da ke koya wa janar-janar. Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Sir cikin 1966. Ya mutu cikin Janairu, 1970, a shekarar kuma aka buga babban tarihinsa na yaƙin duniya na biyu.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan mutuwarsa masana suka bi sawun aikinsa, suka sami abu biyu. Na farko, janar-janar ɗin nan da ya gana da su mutane ne masu neman wanke kansu. Duk kuskure sun ɗora wa Hitila, ba su kuwa tona hannun da rundunarsu ta sa cikin kisan Yahudawa da fursunonin Rasha ba, alhali fursunonin Rasha wajen miliyan 3 suka mutu a hannun Jamus. Liddell Hart ya karɓi maganarsu da sauƙi fiye da yadda ya kamata. Na biyu, littafin Janar Guderian, gwanin yaƙin tankoki, da aka juya shi zuwa Ingilishi cikin 1952, an sami wani sakin layi a ciki mai yabon Liddell Hart da cewa daga gare shi aka koyi dabarar, layin kuwa babu shi a bugun Jamusanci. Wani marubuci, Kenneth Macksey, ya tarar da wasiƙar Liddell Hart cikin takardun Guderian, inda shi da kansa ya nemi a ƙara yabon. Cikin 1988 wani malamin jami'a a Amurka, John Mearsheimer, ya rubuta littafi guda yana cewa mutumin ya gyara tarihi don ya farfaɗo da sunansa. Daga baya wani masani, Azar Gat, ya nuna cewa lalle hafsoshin Jamus sun karanta rubuce-rubucensa tun kafin yaƙi. Ashe yana da haƙƙi na gaske, son a yaba ne ya sa ya ƙara masa gishiri.

Wannan bai sa a jefar da littattafansa ba. Har yanzu ana karanta su, takardunsa da wasiƙunsa kuma suna ajiye a King's College ta Landan, inda masu bincike ke zuwa dubawa. Abin da ya canja shi ne yadda a ke karanta shi: a matsayin shaida mai ilmi wanda shi ma yana da ƙara a gaban alƙali.

Saboda haka muna roƙon malamai, in sun ɗauki littafin wanda ya ce da shi aka yi, su koya wa almajiransu tambaya uku. Ina ya ke tsaye sa'ad da abin ya faru? Me zai samu in an gaskata shi? Wane ne kuma ya gani ban da shi? Akawuna kuwa su lura, abin da ya warware maganar Guderian wasiƙa ce guda da wani ya adana bai yar ba. Kowace wasiƙa tana da mai aikawa da mai karɓa, in ta ɓace a fayil ɗaya, ta yiwu tana nan a ɗayan. Takardar da ka jera yau da kyau, wata rana ita za ta raba gardama tsakanin mutanen da ba a haifa ba tukuna.