Harshen Da Ba A San Danginsa Ba

Harsuna ma dangi gare su kamar mutane. In masana suka jera kalmomin Hausa da na Badanci da na Bolanci, sai su ga alamar kaka ɗaya. Amma akwai wani harshe a ƙasarmu wanda ya mutu ba a gano danginsa ba. Sunansa Jalaa, waɗansu kuwa su kan ce Centum.

Masu shi, watau Jalabe, suna zaune a Loojaa, cikin ƙasar Balanga ta Jihar Gombe. Bisa ga labarinsu, asalinsu daga wani tsohon mazauni ne cikin duwatsun Muri. Da mutanen Cham suka zo neman mafaka wurinsu, aka yi ta auratayya, har yara suka tashi da harshen baƙi, na gida ya koma bakin tsofaffi.

Cikin 1992 wani masani Bajamushe, Kleinewillinghöfer, ya tarad da 'yan tsofaffi kaɗan masu tunawa da shi, su ma sun fi jin Cham. Ya rubuta abin da ya samu, aka buga cikin 2001. Da aka auna kalmomin, sai aka ga waɗansu aro ne daga Cham da Tso da Dadiya, sauran kuwa, masu yawa, ba su yi kama da na kowa ba.

Me ya kawo haka? Watakila Jalaa saura ne na harsunan da a ke yi a wurin tun maƙwabtan nan ba su zo ba. Amma akwai wani abin lura. A yankin nan akwai al'adar barin kalmar da ta yi kama da sunan mamaci, a sa wata madadinta, kamar yadda uwa a wurinmu ba ta kiran sunan ɗan fari. In aka daɗe ana haka, harshe ya kan yi nisa da 'yan'uwansa. Ga shi kuwa masu warware mana zancen sun ƙare.

To, 'yan'uwa, Hausa ma ta haɗiye waɗansu, kamar harsunan Auyokawa da Shirawa da Teshenawa. Saboda haka in an tafi hutu, ko Dudunni ne ko ina, kowa ya zauna da kakanninsa, ya rubuta tsofaffin kalmomi da sunayen wurare. Abin da aka rubuta shi ke saura. Allah ya ba mu iko, amin.