Naira da Sefa: Waiwaye a Kan Tarihin Canji Tsakanin Nijeriya da Nijar

1.0 Gabatarwa

Tun kafin Turawa su shata iyaka, fatake ke kai-da-kawo tsakanin Kano da Katsina da Damagaram, suna ciniki da wuri. Mulkin mallaka shi ya raba su da kuɗi iri biyu, ya kuma haifar da sana'ar canji a bakin iyaka. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda canji tsakanin naira da sefa ya sauya daga shekarar 1973 zuwa 2024, tare da nuna cewa tushen wannan sauyi yana cikin bambancin ginshiƙan da kuɗaɗen biyu suka dogara a kansu.

2.0 Asalin Kuɗaɗen Biyu

Faransa ce ta ƙirƙiro sefa a shekarar 1945. Jamhuriyar Nijar na amfani da ita tare da wasu ƙasashe bakwai na Afirka ta Yamma, a ƙarƙashin babban banki guda mai mazauni a Dakar. An ɗaure darajarta da faran na Faransa, sefa 50 a kan faran ɗaya, kuma baitulmalin Faransa ya lamunci musayarta. Hausawan Nijar kan kira sefa biyar dala, sefa dubu kuma jaka.

Ita kuwa naira ta fara aiki ne ranar 1 ga Janairun 1973, inda ta maye gurbin fam, naira biyu a kan fam ɗaya. Ƙarfinta ya rataya ne a kan dalar Amurka da ƙasar ke samu daga sayar da ɗanyen mai. Saboda haka, duk lokacin da farashin mai ya girgiza sai naira ta motsa, alhali sefa tana nan a turkenta.

3.0 Matakan Hawa da Sauka

3.1 Zamanin Ƙarfin Naira

A shekarar 1980, lokacin bunƙasar arzikin mai, ana sayar da dalar Amurka a kan kimanin kwabo 55 a farashin hukuma, yayin da take daidai da sefa 211. Wato ke nan naira ɗaya ta kai kimanin sefa 380, jaka guda ba ta cika naira uku ba. Sai dai faɗuwar farashin mai a shekarun da suka biyo baya ta jawo ƙarancin kuɗaɗen waje, har tazara mai faɗi ta shiga tsakanin farashin hukuma da na kasuwar bayan fage. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake launin takardun naira, ta kuma rufe iyakokin ƙasa, da nufin karya nairar da aka jibge a ƙetare. Ba a buɗe su ba sai a 1986.

3.2 Karyewar Naira

A watan Satumban 1986, cikin shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗaɗen waje. A 1987 dalar Amurka ta kai naira huɗu, a 1993 kuma naira 22. Bisa wannan lissafi, naira ta sauko zuwa kimanin sefa 75, daga bisani zuwa sefa 13. 'Yan kasuwar Nijeriya sun riƙa neman sefa ruwa a jallo, domin ta hanyarta ake samun faran a sayo kaya daga Turai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a watan Agustan 1993 aka dakatar da fansar takardun sefa da aka fitar wajen yankinta.

3.3 Karya Darajar Sefa

Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya ya koma sefa 100. Wannan ne karo ɗaya tilo a tsawon lokacin da ake nazari da aka taɓa turken sefa. A 1999 an mayar da ɗaurin nata ga yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, kuma a haka yake har yau.

3.4 Juyawar Reshe

Tsakanin 2000 da 2014 naira ta ɗan natsu, dalar Amurka na yawo tsakanin naira 100 da 170 a farashin hukuma. Faɗuwar farashin mai ta sake rikita al'amari: naira 197 a 2015, sama da 300 a ƙarshen 2016. A wajajen ƙarshen 2021, naira da sefa sun yi kunnen doki a kasuwar bayan fage. Bayan da aka haɗe farashin canji a watan Yunin 2023, dalar Amurka ta haura naira 1,500 a 2024, jaka guda ta kai kimanin naira 2,500.

4.0 Tasirin Canji ga Ciniki

Hanyar da kaya ke bi a Jibiya da Illela da Maigatari tana tafiya ne da canji. Idan naira ta yi rauni, hatsin Dawanau da kayan masana'antun Kano sukan yi araha ga mai riƙe da sefa, sai su kwarara arewa, farashinsu ya tashi a gida. A daidai lokacin kuma makiyayin Nijar yakan tafka asara, domin nairar da ya karɓa a kan sa ko rago takan zube idan ya canza ta, kamar yadda ya faru bayan 2016. Akasin haka aka gani a 1994, lokacin da dabbobin Nijar suka yi sauƙi ga falken Nijeriya.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa jakar da ba ta kai naira uku ba a 1980 ta ninka kusan sau dubu cikin shekaru 44. 'Yan canjin Wapa a Kano da takwarorinsu na Maraɗi suna bayyana farashi ne kawai, amma abin da ke tsayar da shi yana kasuwar mai ta duniya da kuma ɗaurin sefa da kuɗin Turai. Muddin wannan bambanci yana nan, manomi da makiyayi na ɓangarorin biyu za su ci gaba da ɗaukar nauyin kowace girgiza.