Kwana Uku A Hamada, Shekara Uku A Hannun Mai Mota

A farkon shekarar 2020, kamfanin Land Rover ya gayyaci zaɓaɓɓun 'yan jarida daga ƙasashe daban-daban zuwa Kaokoland, a arewa maso yammacin Namibiya, domin su gwada sabuwar motarsa Defender. Daga garin Opuwo ayarin ya tashi, ya gangara ta mashigar Van Zyl, wadda ake lissafawa cikin hanyoyi mafiya wahala a ƙasar, ya ratsa rairayi da duwatsu da kwarin kogin Hoarusib. Bayan tafiyar kimanin kwana uku kowa ya koma gida, mujallu kuma suka cika da yabo da hotuna masu ɗaukar ido. Abin da ya kamata mai karatu ya tambaya shi ne: me irin wannan tafiya take iya tabbatarwa game da mota, me kuma ba za ta iya ba?

Sai an san tarihin motar za a gane dalilin kashe wannan dukiya. An fara nuna Land Rover a baje kolin motoci na Amsterdam a 1948, a matsayin motar gona da daji. Ita ce Landurobar da iyayenmu suka sani a hannun jami'an gona da malaman asibiti da 'yan sanda. A watan Janairun 2016 aka daina ƙera tsohuwar Defender a masana'antar Solihull da ke Ingila. Sabuwar, wadda aka yaye wa lulluɓi a Frankfurt a Satumban 2019, ana ƙera ta ne a Nitra ta ƙasar Sulobakiya, kuma mota ce ta alfarma, cike da kwamfuta da na'urori. Masoyan tsohuwar sun yi ta gunagunin cewa an mayar da jakin aiki dokin sallah. Kamfanin yana bukatar hujjar da za ta rufe bakin masu wannan suka, hamadar Namibiya kuwa ita ce hujjar.

Dabarar tsohuwa ce. A 1970 an kai 'yan jarida yankin Cornwall na Ingila don gwada Range Rover ta farko. A 2018 kamfanin Rolls-Royce ya tara su a Jackson Hole, cikin tsaunukan jihar Wyoming ta Amurka, don gwada Cullinan. Wurin da aka zaɓa shi ne rabin tallar, domin hoton mota a gindin tsauni yana sayar da ita fiye da dogon bayanin inji.

Shirya irin wannan taro sana'a ce mai zaman kanta. Tun da watanni ake aika masu duba hanya, su bi ta, su san inda motar za ta burge da inda za ta sha wuya. Motocin sababbi ne fil, injiniyoyi sun bi su ɗaya bayan ɗaya, an saka musu tayar da ta dace da ƙasar. Kanikawa da kayan gyara suna biye da ayari, jagora yana gaba yana faɗin inda za a taka. Kamfani ne ke ɗaukar nauyin jirgi da masauki da abinci, shi ke kawo masu ɗaukar hoto. Akwai kuma yarjejeniyar cewa ba wanda zai buga labari sai rana da sa'ar da aka tsayar, abin da ke sa yabon ya fito lokaci guda a duniya, ya yi kama da ijma'in masana.

Ba na cewa ƙarya aka shirya. Dutsen da motar ta hau dutse ne na gaskiya, kuma Defender da kamfanin ya ce tana iya ratsa ruwa mai zurfin milimita 900 ba abin wasa ba ce. Mai kaya yana da haƙƙin ya nuna kayansa ta fuskar da ta fi kyau, ba a kai amarya ɗakin miji da kayan aikin gida. Sai dai abin da kwana uku ke nunawa shi ne iyawar mota a ranar da ta fi ƙoshin lafiya. Abin da mai saye ke son sani dabam ne: yaya za ta kasance bayan shekara uku? Nawa ne kuɗin gyaranta? In na'urarta ta rikice, wa zai gano ciwon, kuma kwana nawa za a jira kayan gyara? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Amsar waɗannan tambayoyi daga wata ƙofa take fitowa. Kamfanin bincike na J.D. Power a Amurka yakan tambayi mutanen da suka riƙe mota shekara uku irin matsalolin da suka gamu da su, kuma sau da dama sunan Land Rover ya zo a can ƙasan jerin. Wannan ba hukunci ba ne a kan sabuwar Defender, domin a 2020 ba ta kai wannan shekaru ba. Darasin shi ne kamfani guda yana iya lashe yabon hamada, ya kuma sha suka a garejin kanikawa, kuma duka biyun gaskiya ne.

Sai batun karamci, wanda shi ne ya fi nauyi. Ɗan jaridar da aka biya wa jirgi, aka sauke shi masaukin alfarma, ya ci abincin dare da injiniyan da ya tsara motar, ba lallai ne ya yi ƙarya ba, amma alƙalaminsa yakan yi laushi. Aibin da zai kira aibi sai ya koma "ɗan abin lura". Ya kuma san cewa wanda ya cika suka ba a cika sake gayyatarsa ba, mujallar da ba a gayyata ba kuwa abokan gasarta sun riga ta labari. Hausawa sun gama magana: kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Akwai waɗanda suka nemi mafita. Mujallar Consumer Reports ta Amurka, wadda aka kafa a 1936, ba ta karɓar talla, kuma da kuɗinta take sayen motocin da take aunawa, ba tare da dillali ya san ko ita wace ce ba. Wasu mujallun sukan riƙe mota watanni da yawa suna rubuta duk abin da ya lalace. Wasu kuma sukan karɓi gayyatar, amma su faɗa wa mai karatu ƙarara cewa kamfani ne ya ɗauki nauyin tafiyar. Hanya ta farko tana bukatar dukiya, ta ƙarshe kuwa ba ta bukatar komai sai gaskiya.

Wannan ya shafe mu a Najeriya, inda manyan jif-jif suka zama alamar mulki da wadata, dillalai kuma suke shirya nasu bukukuwan a manyan otal-otal. A nan ko hamadar babu. Akan yaye ƙyalle, a yi jawabi, a raba takardar da kamfani ya rubuta, wani lokaci har da ambulan da sunan kuɗin mota, washegari takardar ta fito a jarida kamar binciken wakili. Alhali kundin ɗa'ar aikin jarida da aka amince da shi a Ilori a 1998 ya hana ɗan jarida nema ko karɓar abin hannu domin bugawa ko danne labari. Kuma tambayoyin da suka fi damun mai saye a nan, wato ingancin man da za ta sha, da juriyarta ga zafi da ƙura, da samuwar kanikawan da suka san ta a wajen Legas da Abuja, ba safai ake yin su a wurin biki ba.

Saboda haka, mai shirya taro ya yi karamcinsa, amma ya bar baƙinsa su yi tambaya, kada ya hukunta mai suka da hana shi gayyata. Edita ya wajabta wa wakilinsa bayyana wanda ya biya kuɗin tafiya. Mai karatu kuma, in ya ga yabon sabuwar mota ya cika shafuka a rana guda, ya ɗauke shi a matsayin shaidar ranar biki, ya nemi wanda ya riƙe irinta shekara uku da bakaniken da ke gyara masa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.