Jimina a Gindin Dutsen Aso

"Malam, cire agogon nan ka sa a aljihu. Tabarau ɗin ma haka."

Wannan ce maganar farko da dattijon ya yi mini bayan mun gaisa, da sanyin safiya, a gidan namun dajin yara da ke Asokoro. Dutsen Aso na tsaye a kanmu, hazo bai gama sauka daga kafaɗarsa ba. Na roƙi alfarmar a bar ni in yini da masu kula da dabbobi, in ɗauki bokiti, in tura baro, aka haɗa ni da shi. Na ce, "Baba, agogon me ya yi?" Bai amsa ba, sai ya nuna mini shingen waya da haɓa. Wani dogon wuya ne ya leƙo ta sama, da ɗan kai kamar ludayi, da idanu dara-dara masu gashin ido irin wanda amare ke nema da kuɗi. Ba fuskata take kallo ba. Maɓallin rigata take kallo.

Duk abin da ke ƙyalli, jimina na son ta ɗanɗana shi. Ba ta da haƙori, don haka take haɗiyar tsakuwa, ta tara a ƙundu, tsakuwar ta riƙa niƙa mata ciyawa da iri kamar dutsen niƙa. A daji wannan dabara ce. A inda mutane ke zuwa yawon buɗe ido kuwa, ita ce ajalinta, domin ba ta rarrabe tsakuwa da murfin kwalba, ko ƙusa, ko ledar alawa da yaro ya jefo don ya ga abin da za ta yi. Hausawa sun ce wanda ya haɗiye taɓarya ya kwana tsaye. Shi ya sa aikinmu na farko ba ba da abinci ba ne, tsintar shara ne. Muka bi gindin shinge a sunkuye muna tsince duk abin da ba Allah ne ya ajiye shi a wurin ba.

Da za mu shiga ciki, Baba ya miƙo mini doguwar tsintsiya ya ce in ɗaga ta sama da kaina. Jimina na auna abokin karawarta da tsawo. Wanda ya fi ta tsayi takan yi shakkarsa. Ya kuma gargaɗe ni kada in tsaya mata a gaba. Jaki baya yake harbi, ita kuwa gaba take shuri, kuma a ƙafar akwai yatsu biyu kacal, babban yana ɗauke da farce mai kauri da zai iya farke cikin mutum. Duk tsuntsayen duniya babu mai yatsu biyu sai ita. An ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa. Wannan nata biyu ne, amma ba ɗan damben da zai so su haɗu a fage.

Sai da na tsaya kusa da namijin na gane ashe hoto ƙarya yake yi. Babban namiji yakan haura mita biyu da rabi, nauyinsa ya wuce kilo 100 nesa ba kusa ba. Baƙi ne wuluk, da fari tas a bakin fikafikai da wutsiya. Macen toka-toka ce, launin ƙasar da rani ya gasa. Cinyoyinsu tsirara, murɗaɗɗu kamar na ɗan kokawa, kuma su ne ke kai ta gudun kilomita 70 a awa guda idan ta ga abin tsoro. Idonta ɗaya ya fi ƙwaƙwalwarta girma. Masu son yi mata dariya nan suke kamawa. Ni kuwa da na ga yadda ta hango wani mai yankan ciyawa tun yana can nesa, ta miƙe wuya ta bi shi da kallo alhali ni ban ma san da shi ba, sai na ce wanda ke zaune a filin da babu wurin ɓuya, hangen nesa ya fi masa dogon tunani amfani.

Turawa sun daɗe suna yi mata sharrin wai tana tura kai cikin rairayi idan ta ga haɗari, har 'yan bokonmu sun ɗauko zancen suna jifan gwamnati da shi a jaridu. Ba ta yi. A ƙasa take ƙwai, cikin ɗan ramin da namiji ya tona, kuma sau da yawa a yini takan sunkuya ta juya ƙwan da baki. Idan kuma ta ga gudu ba zai yi ba, sai ta kwanta ta shimfiɗa wuya a ƙasa, daga nesa ka ɗauka suri ne. Wanda ya hango daga nesa shi ya ƙirƙiro labarin. Gani ya kori ji.

Sha'anin gidanta ma abin a zauna a saurara ne. Namiji ɗaya, mata da yawa, rami ɗaya. Kowace ta zo ta zuba ƙwanta, amma uwargida ce ke kwanci. Ita ta san nata, sai ta jera su a tsakiya, idan ƙwai ya yi yawa ta tura na kishiyoyi gefe, inda dila da ungulu za su fara tararwa. Da na faɗa wa Baba haka, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce, "To Malam, ai ba a gidan jimina kaɗai ake wannan ba." Kwancin kuwa karɓa-karɓa suke yi: macen da rana, domin launinta ya saje da ƙasa, namijin da dare, domin baƙinsa ya saje da duhu. Kusan kwana 42 ake yi kafin ƙyanƙyasa. Ƙwai ɗaya ya kusa kilo ɗaya da rabi, a cikinsa akwai abin da ya kai ƙwan kaza ashirin da 'yan kai, ɓawonsa kuma sai an sa guduma.

Muka zuba musu dusa da masara da yankakken ganye, muka wanke kwatarniyar ruwa muka cika. Shan ruwanta ma kallo ne: ta kamfata da baki, ta ɗaga kai, ka ga ruwan na gangarawa cikin wuya kamar ƙulli a igiya.

Larabawa da Farisawa na da wani zance a kanta: an ce ta tashi sama, ta ce ita raƙumi ce, an ce ta ɗauki kaya, ta ce ita tsuntsuwa ce. Mu jemage muka ɗora wa wannan hali. Amma kamar da take yi da raƙumi ba wasa ba ce, ga wuya, ga ƙafa, ga jure ƙishirwa. A Farisanci sunanta ma tsuntsun raƙumi, kuma masana kimiyya sun sa raƙumi a cikin sunan da suka ba ta. Malaman fiƙihu sun riga su: mahajjacin da ya kashe jimina yana cikin harami, fansarsa raƙumi ne sukutum. Ban san wani tsuntsu da shari'a ta yi wa irin wannan kuɗi ba.

Da rana ta take muka fake a inuwa, sai na tsinci wani gashi da ya faɗo daga fiffiken namijin. Laushinsa kamar auduga. Gashin sauran tsuntsaye a sarƙe yake, zare na riƙe da zare, don ya tare iska; nata a sake yake, kowane zare da kansa. Yana cikin abubuwan da suka hana ta tashi, kuma shi ne abin da ya kai ta fada. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya shigo da kakaki da figini da takalmin gashin jimina cikin kayan sarauta. Har gobe idan Sarkin Kano ya fito hawan sallah, figini na kaɗawa a gefensa, gashin jimina na lulluɓe da takalminsa. Sama da shekara 500 ke nan tsuntsuwar da ba ta tashi tana yi wa sarki fifita. Ƙwanta ma ya hau sama: a kan hasumiyoyin babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, ƙwan jimina ne aka kafa a ƙololuwa.

Fatake sun ci kasuwarta. A ƙarni na 19 gashin jimina na cikin manyan kayan da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus, tare da kirgi da hauren giwa, daga can ya haye teku ya hau kan hulunan matan Landan da Faris. Manoman Afirka ta Kudu, da suka mai da kiwon jimina babbar sana'a a yankin Oudtshoorn, sun lura gashin da ke fitowa ta Tarabulus ya fi nasu cika da sheƙi. A 1911 gwamnatinsu ta turo tawaga takanas zuwa arewacin Najeriya neman irin wannan jimina, suka koma da sama da guda ɗari a 1912. Ba su more ba. A 1914 kasuwar ta rushe. Yaƙi ya zo, kuma matan da suka fara hawa buɗaɗɗiyar mota sun gane hula mai dogon gashi ba ta zama a kai.

Irin namu shi ne mai jan wuya, mafi girma a cikin jiminu, wanda wuyan namijinsa ke ƙara yin ja idan lokacin barbara ya zo, ya kumbura maƙogwaro ya yi wani gurnani da baƙo zai rantse zaki ne. Da can tana yawo daga Senegal har gaɓar Bahar Maliya. Bindiga da mota suka haɗu a kanta, fari ya ƙarasa. A Nijar, garken da ya rage a tsaunukan Azbin ya ƙare a rikicin shekarun 1990, yanzu a Kelle da ke jihar Damagaram ake kiwon 'yan kaɗan a killace da fatan wata rana a mayar da su daji. A wajenmu kuwa, tambayi maharbin ƙauyenku ko ya taɓa ganin sawunta. Gashin yana fada, masu magani na tallar man jimina a kasuwa don ciwon gaɓoɓi, amma mai gashin sai an sayi tikiti. Ni kaina a gidan zu na Kano, wanda Gwamna Audu Bako ya kafa, na fara ganinta ranar wata sallah, ina riƙe da hannun yayata.

Wajen la'asar motar wata makaranta ta sauke yara. Suka yo kan shingen da gudu, malamarsu na bin su tana ƙwala kira. Namijin ya baza fikafikai, ya durƙusa, ya shiga jujjuya wuya dama da hagu yana buga shi a bayansa. Yaran suka yi tsit. Wata 'yar ƙarama mai kitso biyu ta ja rigar Baba.

"Baba, wannan kazar waye?"

"Ba kaza ba ce, jikata. Jimina ce."

Ta maimaita sunan a hankali, kamar mai ɗanɗana sabon abu. Na miƙa mata gashin da na tsinta. Ta shafa shi a kumatu, ta dubi tsuntsuwar, sannan ta zura hannu za ta mayar mata da abinta ta cikin waya. Baba ya yi wuf ya riƙe hannun.

"A'a, riƙe kayanki. Haɗiyewa za ta yi."