Tumbi Ko Cinya: Inda Kitse Ya Taru Shi Ke Nuna Haɗarinsa

Mutum biyu suna iya hawa ma'auni, a ga nauyinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya, shekarunsu ɗaya, amma ɗaya ya kamu da ciwon sukari da hawan jini tun bai cika hamsin ba, ɗaya kuwa ya daɗe lafiya lau. Wannan abu ya jima yana ɗaure wa likitoci kai, har bincike ya nuna cewa babban dalilinsa shi ne wurin da kitse ya taru a jiki.

Wani likita Bafaranshe mai suna Jean Vague, na birnin Marsel, shi ya fara jawo hankali ga wannan a shekarar 1947. Ya kasa ƙiba kashi biyu: ta sama, wadda ke taruwa a ciki da ƙirji, aka fi ganinta ga maza, da ta ƙasa, wadda ke taruwa a ɗuwawu da cinya, aka fi ganinta ga mata. Ya ce ta saman ita ce abokiyar ciwon sukari da cutar jijiyoyin jini. Ba a kula da maganarsa sosai ba sai a 1984, sa'ad da likitocin birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin suka bayyana sakamakon bin diddigin maza 792 har shekara 13. Sun tarar cewa faɗin ƙugu, in an gwada shi da faɗin ɗuwawu, ya fi nauyin jiki nuna wanda ke cikin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2005 kuma wani babban bincike da ya haɗa mutum fiye da 27,000 a ƙasashe 52 ya ƙarfafa wannan magana game da bugun zuciya.

To, me ya sa kitsen ciki ya fi muni? Duk wanda ya taɓa ganin an feɗe rago ya san kitse iri biyu ne: akwai wanda ke kwance ƙarƙashin fata, akwai kuma wanda ya lulluɓe hanji da sauran kayan ciki. Haka yake ga ɗan Adam. Kitsen ƙarƙashin fata, musamman na cinya, kamar rumbu yake, yana karɓar maiƙo ya adana shi. Na cikin ciki kuwa ba ya riƙe abin da ya tara. Yana sakin maiƙo da waɗansu sinadarai masu jawo kumburi, kuma jinin da ke fitowa daga gare shi hanta yake nufa kai tsaye. In haka ta daɗe, sai hanta ta yi kitse, ta daina jin umarnin sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne daidaita sukari a jini. Daga nan sukari ya hau, maiƙon jini ya ƙaru, jijiyoyi su soma toshewa.

Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2004 ya fito da wannan fili. An zuƙe wa mata 15 masu ƙiba kitsen ƙarƙashin fatar ciki, kimanin kilo 10 kowacce. Bayan wajen wata uku aka auna su, aka ga sukarinsu da hawan jininsu da maiƙon jininsu suna nan yadda suke, domin kitsen da ke can ciki ba a taɓa shi ba. A Birtaniya kuwa, a 2017, masu ciwon sukari da aka sa su rage nauyi ta hanyar taƙaita abinci, kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda.

Abubuwa da yawa ke zaɓar inda kitse zai zauna. Akwai gado, akwai shekaru, akwai bambancin namiji da mace. Mace takan tara nata a ƙasa har lokacin da ta daina al'ada, sa'an nan ya soma komawa ciki. Shan taba, da barasa, da yawan zama wuri ɗaya, duka suna ƙara tumbi. Haka kuma ƙwayoyin ƙara ƙiba da waɗansu ke sha ba da iznin likita ba: masu ɗauke da dezametason suna kumbura fuska da ciki, suna kuma iya tayar da sukari.

Awon ba wuya gare shi. Tef ɗin tela ya isa. A tsaya sosai, a zagaya shi tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a auna bayan an fitar da numfashi. Bisa ga ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, haɗari yana ƙaruwa in namiji ya wuce santimita 94, mace kuma 80, yana tsananta in namiji ya wuce 102, mace 88. A 2022 hukumar tsara ƙa'idojin lafiya ta Ingila ta ba da shawara mai sauƙin riƙewa, cewa kada faɗin ƙugu ya kai rabin tsayin mutum. Ke nan mai tsayin santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Siriri mai tumbi ma bai tsira ba, ko da ma'auni ya ce nauyinsa daidai ne.

A ƙasar Hausa an daɗe ana ɗaukar tumbi alamar wadata, har akan yi wa mai shi kallon wanda ya samu. Lokaci ya yi da za a sake wannan tunani. Abin farin ciki shi ne kitsen ciki yana saurin raguwa in aka dage da tafiya a ƙasa kowace rana, aka rage lemon kwalba da soye-soye da yawan tuwo da shinkafa. Wanda awonsa ya wuce ƙa'ida, ya kamata ya je asibiti a gwada masa sukari da hawan jini, domin waɗannan cututtuka sukan daɗe a jiki kafin su nuna kansu. Riga-kafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.